Littafin Fari Ba Ya Son Gaggawa

'Yata, an ce mini kin kai ƙarshen labarin da kika daɗe kina rubutawa. Barka da ƙoƙari. Allah ya sa albarka a ciki. Masu fara labari suna da yawa, masu kai shi ƙarshe kuwa 'yan kaɗan ne. Da yawa a babi na uku suke tsayawa, littafin rubutun ya shige ƙarƙashin katifa, shi ke nan. Ke kin jure har kin rubuta tammat. Don haka kafin in ce komai, ki karɓi yabona. Kin cancanta.

Na san abin da ke ranki yanzu. Kina so ki ga sunanki a bango. Kina so gobe-gobe a kai maɗaba'a, ko ki fara sakin sa shafi-shafi a waya, ƙawaye suna turo miki addu'a. Wannan ɗokin halal ne, kowane marubuci ya san shi. Roƙona ɗaya ne: ki ɗan dakata. Sauri ya haifi nawa. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. In haka take ga maganar baki, wadda iska ke kwashewa, to ina ga wadda aka buga kwafi dubu? Kuskuren da ke shafi na goma yana nan a shafi na goma har ranar da ɗiyarki za ta girma ta ɗauko littafin ta buɗe. Kuma da littafin fari mai karatu yake auna marubuci. In ya ji daɗi, da ƙafarsa zai je neman na biyu. In ya ji an ɓata masa dare, ko kin gyara hannu daga baya da wuya ya sake waiwayo.

Ki ajiye rubutun wata ɗaya, ko biyu in za ki iya. Kada ki leƙa. Dalili kuwa shi ne idon da ya rubuta abu ba ya ganin giɓinsa. Kin san fuskar jarumarki, kin san abin da ya sa ta ƙi gaida gwaggonta ranar suna, kin san ɗakin da take kwana. Duk wannan yana cikin kanki, kuma kanki zai riƙa cike miki abin da hannunki ya manta bai rubuta ba. Mai karatu ba shi da komai sai abin da ke kan takarda. Sai labarin ya ɗan zama baƙo a gare ki sannan za ki iya karanta shi da idonsa.

A cikin wannan hutun ki yi karatu irin na mai koyon sana'a. Ki koma kan littattafan nan biyar da suka biyo bayan gasar da Rupert East ya shirya a 1933, lokacin yana riƙe da Hukumar Fassara a Zariya: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da shi East ɗin. Imam yana da shekara 22 a lokacin, yana koyarwa a Midil ta Katsina. Ba su da wani ƙagaggen labarin Hausa na boko da za su duba su ga yadda ake yi. Ke kuwa kina da rubutun magabata na sama da shekara 90 a gabanki, sai dai ki zaɓa.

Ki duba Shaihu Umar, ɗan siririn littafi ne. Amma uwar nan da ta ratsa hamada tana neman ɗanta ba ta fita daga ran wanda ya karanta. Marubucin bai tsaya yana roƙon mu tausaya mata ba. Tafiyar ya nuna mana, tausayin ya zo da kansa. Ki duba Malam Zurƙe a Ruwan Bagaja. Da ba don shi ba, da wa Alhaji Imam zai yi ta gwabzawa gari bayan gari? Duk inda labari ya yi daɗi, za ki tarar akwai abokin karawa mai ƙarfi.

To, in kin ɗauko rubutunki, tambayar farko ita ce: me jarumarki take so, kuma me ya hana ta samu? In ba za ki iya amsawa a taƙaice ba, to labarin bai gama sanin kansa ba tukuna. So ɗin na iya zama ƙarami. Tana so ta gama makaranta. Tana so a dawo mata da ɗanta. Tana so mahaifinta ya yafe mata kafin ya rasu. Ƙanƙantarsa ba matsala ba ce, muddin ita a wurinta shi ne duniya. Kowane babi kuma ya zama ko ya matso da ita kusa da abin, ko ya nisanta ta. Babin da bai yi ko ɗaya ba, komai kyansa, ki cire shi. Zai yi miki ciwo, na sani. Ki adana shi a wani wuri, wata rana zai yi amfani a wani labarin.

Akwai wata jaruma da ke yawan fitowa a littattafan fari. Fara ce, doguwa, gashi har gadon baya, ga ilimin addini, ga na boko, ba ta fushi, ba ta kuskure. Wanda zai aure ta kuma kamfanoninsa har ƙasashen waje. Na fahimci abin da ke jawo haka. Mai karatun da ke cikin ƙunci yana so ya ɗan huta a gidan da ba a ɗauke wuta, kuma ba laifi ba ne a ba shi wannan hutun. Sai dai ga abin da ke biyo baya: yana rufe littafin zai manta da ita, don ya gamu da irinta a littafi ashirin. Yanzu ki tuna Rabi ta cikin Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu. 'Ya'ya tara gare ta. Mijinta mai rumfa ne a kasuwar Sabon Gari, ya yi amarya, ya kore ta, ta koma sayar da abinci don ta riƙe yaranta. Babu abin ƙawa a rayuwarta. Amma wannan littafin na 1990 shi ne Aliyu Kamal ya fassara zuwa Ingilishi, wani kamfani mai suna Blaft a birnin Chennai na Indiya ya buga shi a 2012. Mutanen da ba su taɓa ganin Kano ba sun karanta, sun gane Rabi. Ita Hajiya Balaraba tun tana ƙarama aka cire ta daga makaranta aka yi mata aure, daga baya ta koma neman ilimi da girmanta. Shi ya sa da ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? ba ta buƙaci ta tambayi kowa yadda abin yake ba. Ke ma akwai abin da kika sani wanda babu wanda ya san shi kamarki. Wataƙila gidan yawa ne da kika tashi a ciki, ko layin asibiti da asuba, ko zaman jiran sakamakon jarrabawa shekara bayan shekara. Kada ki raina shi don kin saba da shi. Nan arzikinki yake.

Mugun cikin labarin ma ki yi masa adalci. Kishiyar da ta fi kowa makirci tana da abin da take tsoro. Uwar mijin da ta hana surukarta sakat, wataƙila ita ma haka aka yi mata, ko kuwa ɗan nan shi kaɗai ya rage mata. Ba cewa na yi ki wanke su ba. Ki dai bar mu mu ga dalilinsu. In kin yi haka, mai karatun da ke da irin halin zai ga kansa, ya ji kunya a ɓoye. In kin mayar da su aljanu, kowa zai ce ba da shi ake ba, ya ci gaba da halinsa.

Sai maganar baki, wato hirar da mutanenki ke yi. A nan nake so ki fi daɗewa, don a nan ake gane wanda ya saurari mutane. Ki karanta kowace hira da ƙarfi, ke kaɗai a ɗaki. Inda harshenki ya yi tuntuɓe, a nan gyara yake. Tsohuwar da ta tashi a Sakkwato ba ta magana irin ta ɗalibar jami'a a Kano. Ɗan kasuwar Kantin Kwari yana da nasa salon, malamin zaure yana da nasa, direban mota yana da nasa. In an rufe sunayen, ya kamata a iya gane wanda ke magana. Kuma ki tuna mu mutane ne masu kunya da kawaici. Uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari. Yarinya ba ta kallon idon mahaifinta ta ce ga wanda take so. Mace na iya cewa “ba komai” alhali komai ne. Rabin maganarmu a cikin abin da ba mu faɗa ba take. Marubucin da ya sa mutanensa suna zazzage duk abin da ke ransu a fili ya yi asarar wannan dukiyar. Ki bar shiru ya yi aikinsa. Ki bar ta ta ci gaba da tsince shinkafa ba ta ɗago kai ba, mu za mu gane.

Gaisuwa kuma, ba sai kin rubuta ta duka a kowace haɗuwa ba. A rayuwa ladabi ce, a takarda in ta yi yawa nauyi ce. Layi ɗaya ya isa, sai fa in a cikin gaisuwar ne rikicin yake, kamar a gaida mutum ya amsa a daƙile.

Game da cusa Ingilishi, ga ra'ayina. In jarumarki ma'aikaciyar banki ce a Abuja, to za ta riƙa haɗawa, haka suke magana, ki bar ta. Amma muryarki ke mai ba da labari, ki riƙe ta da Hausa. Littafin Hausa yana tafiya nesa fiye da yadda kike zato. Yana kaiwa Maraɗi da Damagaram, inda bokonsu na Faransanci ne. Yana shiga hannun matar da Hausar kaɗai ta iya karantawa, kuma ita ce ta fi kowa riƙon littafi da amana. In ta yi ta cin karo da abin da ba ta gane ba, za ta ji ba da ita kike ba, ta ajiye.

Za ki ji ana cewa ai kowa aro yake yi. Gaskiya ne, akwai aro. A 1936 aka kai Abubakar Imam Zariya don ya rubuta Magana Jari Ce, kuma sananne ne cewa ya ɗebo daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turawa da na wasu ƙasashen. Amma ki ga abin da ya yi da su. Ya ba su sarki da waziri da aku, ya ba su fada da kasuwa da bakin Bahaushe, har yaro ya karanta littattafan Magana Jari Ce ɗin uku bai taɓa jin baƙunta ba. Wannan aiki ne mai wuya. Ɗauko fim ɗin Indiya sukutum a canja sunaye, ko kwashe labarin wata marubuciya daga waya a sauya garin, wannan wani abu ne daban, kuma masu karatu suna ganewa. Ba lallai su faɗa miki ba. A tsakaninsu za su faɗa, sunan kuma ya bi ki. Na san ba halinki ba ne. Na faɗa ne don wani lokaci labarin da mutum ya so ƙwarai yakan shigo rubutunsa bai sani ba. In kin ga alamar haka a naki, ki sake wurin.

Kina so littafinki ya gyara tarbiyya, na sani, kuma niyya ce mai kyau. Ki dai yi hattara da tsayar da labari ki hau mumbari. In Alhaji ya wulaƙanta iyalinsa, ki nuna mana ranar da ya nemi mai ba shi ruwa ya rasa. Wannan ya fi shafi uku na wa'azi shiga rai. A ɗaya gefen kuma akwai masu zuba batsa don a yi saurin saye. Ana saye, ba musu. Amma ki san abin da ke biyo baya, don ya taɓa faruwa. An daɗe ana zargin littattafan soyayya da lalata yara, har a 2007 aka ƙona littattafan hikaya a bainar jama'a a Kano. Wutar ba ta tambayi wanne ne mai kyau ba. Duk lokacin da marubuci ɗaya ya wuce gona da iri, akwai uban da zai hana 'yarsa karanta kowane littafi, kuma wataƙila ita ce wadda za ta zama marubuciya gobe. Kina iya taɓo kowace matsala, har fyaɗe da zina da shaye-shaye, don suna nan a cikinmu kuma ɓoye su bai magance su ba. Hausa tana da sakaya da za ta ɗauki duk wannan ba tare da an tsiraita kowa ba.

Kada ki yi tsammanin gyara ɗaya zai wadatar. In kin taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata kin ga yadda ake yi. Marini yakan tsoma zane a baba ya ɗago shi, ya bar shi ya sha iska, launin ya juya, sannan ya sake tsomawa. Haka zai yi ta yi har shuɗin ya kama ya yi duhu. Wanda aka tsoma sau ɗaya shi ma ya rinu, amma ba ya jure wanki. Bi na farko ki duba ginin labarin: me ya kamata ya zo gaba, wa ya ɓace a tsakiya ba a sake jin ɗuriyarsa ba, yaron da aka haifa a babi na biyu shekararsa nawa a babi na tara. Bi na biyu ki duba mutane da maganarsu. Sai a na ƙarshe ki zauna wa kalmomi da ƙa'idar rubutu. In kin fara da goge jimloli, za ki ɓata kwanaki kan shafin da daga baya za ki yar.

Ƙa'idar rubutun nan kada ki ɗauke ta ƙaramin abu. Haruffa masu lanƙwasa ki sa musu lanƙwasarsu, yawancin wayoyin yanzu suna iya rubuta su. Ki koyi inda ake haɗa kalma da inda ake rabawa, don a nan yawancinmu muke zamewa. Ki nemi Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, wanda ya fito a 2006, ki ajiye kusa. Malamin da ke zaɓar littafin da ɗalibai za su nazarta, da alƙalin gasa, shafin farko suke dubawa. In sun ga rubutun a hargitse, ba za su kai ga daɗin labarin ba.

Bayan kin yi iyakar yinki, sai ki ba wasu su karanta. Kada ki ba mahaifiyarki da nufin gyara, ita komai kika yi mai kyau ne a wurinta, Allah ya saka mata. Ki nemi malamin Hausa ya duba miki ƙa'ida. Ki nemi macen da ta sha karatun littattafai, ki roƙe ta abu ɗaya: ta sa alama a duk inda ta ji barci ko ta tsallake. In akwai asibiti ko kotu a labarin, ki ba ma'aikaciyar jinya ko wanda ya san shari'a ya duba, kada a yi dariyar likitanki ko alƙalinki. Abin da za su faɗa zai yi zafi a daren farko. Kada ki amsa a ranar. Ki kwana biyu, za ki ga wanda ya yi gaskiya. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. In mutum biyu da ba su san juna ba suka yi tuntuɓe a wuri ɗaya, to wurin ne ke da matsala. Maganin kuwa ke za ki nemo shi, don littafin naki ne. Ki kuma shiga cikin marubuta. Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, ANA, wadda aka kafa a 1981, tana da rassa a jihohi, kuma akwai ƙungiyoyin marubutan Hausa da dama da ke zama ana karatu ana gyara wa juna. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yanzu maganar bugawa. Bari in ba ki ɗan tarihi don ki san inda kika tsaya. A da, kamfani ne ke ɗaukar nauyi. Akwai Kamfanin Gaskiya a Zariya tun 1945, sannan kamfanin buga littattafai na NNPC daga 1966. Su ke tacewa, su buga, su rarraba. Ta gasar NNPC ne So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed ya fito a 1980, aka samu ƙagaggen littafin Hausa na farko da mace ta wallafa. Daga nan abubuwa biyu suka haɗu. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya yaye ɗimbin matasa masu iya karanta Hausar boko. Tattalin arziki kuma ya karye a shekarun 1980, Naira ta faɗi, takarda ta yi tsada, kamfanoni suka koma kan littattafan makaranta da suke da tabbacin sayarwa. Ga masu karatu, babu mai buga musu. Sai marubuta suka ɗauki rubutunsu da kuɗinsu suka nufi ƙananan maɗaba'u. Haka Talatu Wada Ahmed ta fitar da Rabin Raina, haka Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna, haka Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ta fitar da Allura Cikin Ruwa. 'Yan ƙungiyar marubuta ta Raina Kama har jerin littattafan junansu suke sawa a cikin nasu, kowa yana tallata ɗan'uwansa. Wannan ne aka yi wa laƙabi da Adabin Kasuwar Kano, masana suka yi ta muhawara a jaridu kan darajarsa. Abin da nake so ki ɗauka shi ne buga littafi da kanki ba abin kunya ba ne a wurinmu, manya sun bi hanyar. Sai dai aikin da editan kamfani yake yi a da, yanzu a wuyanki yake. Shi ya sa na daɗe a kan gyara.

Ki gwada gasa. BBC Hausa ta fara gasar Hikayata ta gajerun labarai a 2016, kuma ta fito da sunayen mata da dama da ba a san su ba. Cibiyar Gusau da ke Kaduna ita ma tana shirya gasar littattafan Hausa. Ko ba ki ci ba, rubutu a kan ƙa'ida da wa'adi horo ne mai kyau, kuma gajeren labari yana koya wa hannu tsimin kalma.

In a waya za ki saki, ta WhatsApp ko Wattpad ko manhajojin sayar da littattafai, to ki gama littafin duka kafin ki saki shafin farko. Na ga yadda abin ke kasancewa. Marubuciya ta fara da labari mai kyau, masu karatu su taso, wannan ta ce a kashe kishiyar, waccan ta ce a mayar da auren. Tana son ta faranta musu, ga kuma alkawarin shafi kullum. Kafin a kai tsakiya labarin ya bar hannunta, ya yi ta tsawo ba alkibla. Ki kuma sani duk abin da ya shiga waya ana iya tura shi gaba. Wadda ta biya za ta tura wa wadda ba ta biya ba, wani ya ɗauka ya karanta a YouTube yana samun kuɗi ba da izininki ba. Ki sa sunanki a cikin kowane babi. Ki ajiye kwafinki a wuri biyu ko uku da ke hannunki, don manhaja tana iya rufewa. OkadaBooks ta yi shekaru tana sayar da littattafan 'yan Nijeriya, da na Hausa a ciki, ta rufe a 2023.

In kuma takarda kike so, kuma ina fatan za ki so, to ki tafi a hankali. Yawancin takardar da ake bugu da ita daga waje ake shigo da ita, farashinta yana bin dala, don haka kuɗin da aka faɗa miki yau ba lallai ya kai wata mai zuwa ba. Ki tambayi maɗaba'a fiye da ɗaya, ki ga littattafan da suka buga a baya, ki ja shafi ki ga ko ɗaurin yana riƙewa. Kada a buga sai an ba ki samfuri kin karanta daga bango zuwa bango, don mai shigar da rubutu a kwamfuta yana iya zubar da layi ko ya share miki lanƙwasa duka. Ki fara da kaɗan. In sun ƙare a sake bugawa, wannan farin ciki ne. Kwali-kwali na littafi a ƙuryar ɗaki, ga bashi a wuya, shi ke sa marubuciya ta rantse ba za ta sake ba. Kada ki sayar da ɗan kunnenki, kada ki ci bashin da barcinki zai tafi a kansa. Littafin fari ba kasafai yake mayar da kuɗinsa da wuri ba. Masu shagon littattafai kuma galibi karɓa suke yi sai an sayar su biya. Yawancinsu mutanen kirki ne, amma mantuwa tana kama kowa. Ki riƙe littafin lissafi, ki rubuta kwafi nawa kika ba wa, ran nawa ga wata, a nawa, ya sa hannu. In a Kano za ki buga ko ki sayar, ki je ki ji ƙa'idar Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i tun kafin ki kashe kuɗi.

Haƙƙin mallaka naki ne tun ranar da kika rubuta, haka dokar Nijeriya ta tanada, kuma yana nan har shekara 70 bayan ran marubuci. Gado ne, 'yata, 'ya'yanki da jikokinki suna da rabo a ciki. Don haka in wani ya zo da maganar zai buga miki, ko zai karanta a rediyo, ko zai mayar da shi fim, kamar yadda aka yi da In Da So Da Ƙauna da Ki Yarda Da Ni, ki yi murna, amma a rubuta. Me kika ba shi, na shekara nawa, nawa zai biya, yaushe. Izinin bugawa daban, na fim daban, na karantawa a murya daban, kada a haɗe miki su a layi ɗaya. Kada kunya ta hana ki. Mutumin kirki ba ya jin haushin takarda, ita ce ma ke tsare zumunci in an kwana biyu. Ki kai wa wanda ya san doka ya duba kafin ki sa hannu.

Ki nemi lambar ISBN a Ɗakin Karatu na Ƙasa, su ke bayarwa, kuma doka ta ce a kai musu kwafi uku na abin da aka buga. Ki ƙara da naki alherin, ki kai ɗaya sashen Hausa na jami'ar da ke kusa da ke. Littattafan shekarun 1990 da yawa a takarda mai araha aka buga su, sun yi ta yawo hannu zuwa hannu har suka yage, yau ko marubutansu wasu ba su da kwafi. Da yawa kuma ba a sa musu shekarar bugu ba, masu nazari suna ta fama da kintace. A bayan shafin take ki tabbatar an rubuta sunanki cikakke, da shekarar, da garin, da sunan maɗaba'ar. In an sake bugawa, a ƙara shekarar bugu na biyu a ƙarƙashin ta farko.